Gyaran Ƙasa Daga Ƙaramar Hukuma Zai Fara

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Kuta, to ka ratsa garin Gwada. Ranar kasuwa za ka tarar da doya jibge, manyan motoci suna lodi zuwa birane masu nisa. Gwada tana cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja. A wannan ƙaramar hukuma aka gina madatsar ruwa ta Shiroro a kan Kogin Kaduna, wadda take samar da wutar lantarki tun 1990, mai ƙarfin megawat 600. Ke nan yankin yana ciyar da birane, yana kuma haskaka su.

Amma dubi halin da mutanensa suke ciki. Har yanzu akwai ƙauyukan da suke kwana cikin duhu. ’Yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu. A watan Afrilu na 2021, gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa ’yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure. Mutanen da suka gudo sun fake a Gwada da Kuta, waɗansu a cikin azuzuwan firamare. Ni malami ne, na kuma san cewa ajin da ya zama ɗakin kwana ba a karatu a cikinsa.

Wace gwamnati ce ta fi kusa da waɗannan bayin Allah? Ƙaramar hukuma ce. An tsara ƙananan hukumomi bai ɗaya a Nijeriya a 1976. Yau suna da yawa har 774, guda 25 daga cikinsu a Jihar Neja. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin cikin gari, ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Sai dai kuɗinsu yakan bi ta wani asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma an daɗe ana kukan cewa abin da yake isowa ƙasa bai taka kara ya karya ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

A ganina hukuncin ya yi daidai, amma bai wadatar ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce take gudanar da zaɓen ciyamomi da kansiloli, kuma a yawancin jihohi jam’iyyar gwamna takan lashe kusan dukkan kujeru. Wanda gwamna ya ɗora a kujera, gwamna zai ji wa tsoro, ba mai sayar da doya ba. Dole a gyara wannan zaɓe. Haka kuma ya kamata kowane wata a liƙa a bangon sakatariya abin da ya shigo da abin da aka kashe, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Gbagyi.

Za ka ji masu cewa idan kuɗi ya shiga hannun ciyaman, sata kawai za ta sauya gida. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ciyaman a cikinmu yake. Muna haɗuwa da shi a kasuwa da wurin jana’iza, mun san gidan mahaifinsa. Tambayarsa ta fi sauƙi a kan tambayar wanda yake Abuja.

Jinkiri shi ne abin tsoro. An yi dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010 domin raya yankunan da suke samar da wutar ruwa, amma sai bayan kimanin shekara goma ta fara aiki. Yaron da ya shiga firamare lokacin da aka yi dokar, ya kusa gama sakandare kafin a buɗe ofis.

Nan da ’yan shekaru za ka cika 18, ka sami katin zaɓe. Kafin nan, in ka koma gida yau, ka tambayi iyayenka sunan kansilan mazaɓarku, da ranar da suka gan shi na ƙarshe.