Sanarwar Bayan Taro Kan Masaukin Ɗalibai Mata a Gombe da Sunayen da Ake Laƙaba wa Gidajensu

Ƙungiyarmu ta iyaye mata da tsofaffin ɗaliban manyan makarantu mazauna Gombe ta yi zama na musamman ranar Asabar da ta gabata, tun hantsi har bayan la'asar. Batun guda ɗaya ne: inda 'ya'yanmu mata ke kwana idan sun zo karatu garin nan, da sunan da ke bin yarinya saboda gidan da ta kama haya. Ban da membobi, zaman ya saurari wasu ɗalibai mata, da masu gidajen haya, da malamai daga ɓangaren Musulmi da na Kirista.

Taron ya fara da duba yadda aka kai ga wannan matsi. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996. Kafin nan Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke hanyar Ashaka ce babbar makarantar da garin ke taƙama da ita. A 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, ga kuma makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ga ɗaliban likitanci masu zirga-zirga zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ana cikin haka rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, suka sami mafaka a nan, kuɗin haya ya tashi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin Keke Napep da acaɓa ya hau, duk ɗakin da ke kusa da ƙofar makaranta ya ƙara daraja. Gadajen da ke cikin makarantu ba sa isar masu nema, kuma wannan ba a Gombe kaɗai ba ne. Wadda ba ta samu gado ba, ko dai ta raɓe wurin ƙawarta, ko ta zauna gidan dangi, ko ta haɗa kuɗi da wasu su kama ɗaki a cikin gari.

Ɗaliban da suka yi magana sun faɗi abin da suke dubawa kafin su kama ɗaki. Na farko abin da ke cikin jaka. Sai nisa, domin a san ko ƙafa za ta iya. Sai ruwa: akwai rijiyar burtsatse a gidan, ko ruwan Dadin Kowa na zuwa layin, ko kuwa kullum sai an tare mai kura an sayi jarka? Sai wuta, sai banɗaki, sai hanyar da ba a ratsa kwari da damina, domin kowa ya san ɓarnar da zaizayar ƙasa ta yi a wajejen Malam Inna. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta ce ta zaɓi gida domin ya dace da halinta.

Amma gari da halin yake auna su. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar lokacin taron, kuma shi ya fi ƙona mana rai. Kusan kowane gidan ɗalibai yana da sunan da ba mai gidan ne ya raɗa masa ba. Akwai gidan 'yan gayu, akwai gidan ustazai, akwai gidan 'yan ƙauye, akwai wanda ake cewa motoci na layi a ƙofarsa, akwai kuma sunayen da ba za su rubutu a wannan takarda ba. Wasu gidajen da ƙabila ko addini ake kiransu, har yarinyar da ta fito daga Billiri ko Kaltungo da wadda ta fito daga Dukku ko Nafada su ji kamar an riga an raba musu ƙofar da kowa za ta ƙwanƙwasa. Mahalarta sun bi sawun yadda suna ke samuwa. Mota ɗaya ta tsaya da dare, wataƙila ma yayan wata ne ya kawo mata garin tuwo daga gida. Majalisar ƙofar layi ta gani, zancen ya koma teburin mai shayi, ɗan acaɓa ya mayar da shi kwatance, daga nan ya faɗa zaurukan WhatsApp. Waɗanda aka yi zancen a kansu su gama karatu su tafi, sunan yana nan manne da bango, sabuwar ɗaliba ta biya haya ta gaje shi ba ta sani ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinmu ta tuna wa taro cewa ɗalibar jinya ko ungozoma tana aikin dare a asibiti domin karatunta ne ya wajabta. Ta fita bayan magariba, ta dawo da sassafe ido ya yi ja, wanda ke zaune a ƙofar gida bai san ta kwana tsaye a kan mai naƙuda ba. Wata uwa kuma ta ba da labarin 'yar ƙanwarta da maganar aurenta ta tsaya cak, domin masu binciken aure ba su je wurin malamanta ko abokan zamanta ba, sai suka tambayi mai shagon layin da ta taɓa haya. Shi kuwa ko fuskarta bai riƙe ba, sunan gidan kawai ya faɗa musu. Taron ya ɗauki wannan a matsayin zalunci, ko da wanda ya yi maganar yana ganin gaskiya ya faɗa.

Akwai wani gefen da da yawanmu ba mu taɓa lura da shi ba sai da ɗaliban suka buɗe mana ido. Kyakkyawan suna ma yana cutarwa. Gidan da aka san shi da gidan kamilai, mai shi kan ƙara haya saboda iyaye na rububinsa, alhali ƙofar waje ba ta da sakata, katanga ta zube ta baya. Sannan idan wani ya takura wa yarinya a irin wannan gida, ko mai kula da gidan ne ko ɗan mai gida, abokan zamanta kan roƙe ta ta yi shiru kada sunan gida ya ɓaci ya shafe su duka.

Ba a kan komai aka yi baki ɗaya ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Wasu iyaye sun nemi ƙungiya ta yi kira a hana ɗalibai mata zama a wajen makaranta gaba ɗaya. Hujjarsu mai nauyi ce: a Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, sannan a watan Oktoba na shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu na cikin gari. Bayan doguwar muhawara, rinjaye bai goyi bayan hanin ba. Tunda gado bai isa ba, hani na nufin 'yar talakan Balanga ko Shongom ko Funakaye da ba ta da dangi a Gombe ta tattara ta koma gida. Darasin da taron ya ɗauka daga Gusau da Dutsin-Ma shi ne a kula da katanga da ƙofa da fitila da mai gadi.

A kan haka taron ya cimma waɗannan matsaya.

Muna roƙon Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya da hukumomin makarantu su sa ƙarin ɗakunan kwanan mata a gaba cikin kasafinsu, kuma a fara bai wa 'yan aji ɗaya da masu aikin dare a asibiti gado kafin kowa.

Muna kira ga ofisoshin kula da harkokin ɗalibai su riƙa ajiye rajistar gidajen hayan da suka leƙa da idonsu. A rubuta abin da ido ke gani: ruwa, banɗaki, ƙarfin ƙofa, hasken layi, adadin mutane a ɗaki, kuɗin haya da na dillali. Kada a buɗe gurbin rubuta "halin mazauna gida", domin da zarar hukuma ta sa hannu a kan jita-jita ta zama shaida. Ƙungiya za ta tura membobinta su raka masu duba gidajen idan an buƙata, kuma ba ta neman ko kwabo a kan hakan. Masu gidaje su riƙa ba da takardar yarjejeniya da rasit, su bayyana wa zai shiga gidan gyara da kuma a wane lokaci.

Ga limamai da fastoci, muna neman su taɓo wannan batu a huɗuba da wa'azi. Malaman da suka halarta sun tunatar da mu cewa a shari'ar Musulunci wanda ya jefi mace da zargin zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ne hukuncinsa, kuma Kiristanci ya hana shaidar zur a kan maƙwabci. Masu unguwanni, waɗanda su ake fara tuntuɓa idan ana binciken aure, muna roƙonsu su faɗi abin da suka sani a kan yarinya ita kanta, idan ba su san ta ba su ce ba su san ta ba.

Mu iyaye mun ɗaukar wa kanmu alkawarin zuwa mu ga ɗakin da ƙafarmu kafin mu biya, mu san maƙwabta, mu bar lambar wayarmu wurin wata dattijuwa a layin. Ɗalibai kuma mun gaya musu a gabansu cewa su ma suna da hannu, domin yawancin sunayen a bakinsu suke yawo, kuma duk wadda ta tura hoton ƙofar gidan wasu da baƙar magana ta san cewa doka na iya hawa kanta.

Taron ya naɗa ƙaramin kwamiti da zai kai wannan takarda ga hukumomin makarantu da fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku, ya kuma kawo rahoto a zama na gaba, kafin a fara rajistar sababbin ɗalibai.

Sa hannu:
Shugabar Ƙungiya
Sakatariyar Ƙungiya