Filin Mata: Na Hau Mambila, Na Gangara Banyo

Mako biyu ke nan ba ku ji ni ba a wannan fili, har wasunku sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, sai alheri. Tafiya ce na yi zuwa ƙasar Kamaru, na je gaida goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a Banyo tun ban zo duniya ba. Rabona da ita shekara 19. Kullum sai mu ce ai maigida zai je, ko wani daga cikin samarin gidan zai kai gaisuwa. Da aka aiko mini cewa ƙafa ta ƙi ta, ganinta kuma ya yi rauni, sai na ce wannan karo ba aike. Na nemi izini, aka ba ni, aka haɗa ni da ƙanena, na kuma ɗauki autata 'yar shekara 13 domin makaranta na hutu.

Daga Jalingo muka shiga mota da asuba. Hanyar Bali da Serti ba ni da abin faɗi a kanta, sai zafi da ramuka da kuɗin mota da ya ƙaru. Labari ya fara ne daga Mayo Selbe, watau gindin dutsen Mambila. Nan direba ya tsaya, ya duba birki, ya ƙara ruwa, ya ce kowa ya yi bisimilla.

'Yan'uwa, hanya ce aka sassaƙa a jikin dutse, tana lanƙwasa kamar macijiya. Hannu ɗaya bangon dutse, ɗaya hannun kwazazzabo wanda ba ki ganin ƙarshensa. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe fuska tun daga ƙasa, ba ta buɗe ba sai Maisamari. Ban ga laifinta ba, amma ta yi hasara. Domin duk kwanar da muka sha, ƙasar da muka baro sai ta ƙara shimfiɗuwa a bayanmu, koguna kamar zare, ƙauyuka kamar an watsa tsaba. Can sai kunnuwana suka toshe. Autata ta ce in haɗiye yawu, wai malamarsu ta ce iska tana rage nauyi in an yi sama. Na haɗiye, suka buɗe. Ashe kuɗin makaranta ba a banza suke tafiya ba.

Da muka kai bisa, sai ka ce wata duniya. Ba daji, ba ƙaya, sai tuddai masu santsi ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta lulluɓe su, da jerin dogayen itatuwan zaiti a gefen gidaje. Shanu kuwa jajaye da farare, kowace ta yi ɓul-ɓul, domin ƙudan tsando bai cika zama a wannan tsawo ba. Wurin ya ɗara bakin teku da wajen mita 1,600. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Shi ya sa mu da muka bar Jalingo muna fifita, la'asar ta same mu a Nguroje muna karkarwa. Ni da na raina maganar masu cewa in ɗauki bargo, sai ga ni ina lulluɓe da zanen gadon masu masaukinmu.

Wani abu kuma da zai ba uwayen gida mamaki. Matar gidan ta ɗora wake tun azahar, ta ce in ba haka ba ba za a ci shi da magariba ba. A kan dutse ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, saboda haka girki yana jan lokaci. Amma Allah ya musanya musu da dankalin Turawa, da ayaba, da fiya, da nono mai kauri. Ga kuma gonar ganyen shayi a Kakara, layi-layi kamar an yi wa dutse kitso. Ƙanena ya nuna mini wajen arewa maso gabas, ya ce can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyaka sosai. Hazo bai bari mun gan shi ba.

Kashegari kwalta ta ƙare. Muka shiga wata tsohuwar Land Rover wadda na tabbata ta girme ni, mu da buhunan masara da kaji. Jar ƙasa, hawa da gangara, mu tsallake rafi, mu sauka a tura. In kuna da niyya, ku je da rani. Damina a can doguwa ce, kuma in ta sauka hanyar sai babur, shi ma da addu'a.

Iyakar da nake ta jin tsoro, da muka isa sai na tarar ƙauye ne kamar kowane ƙauye, da sandar gora an gitta a hanya. Tuddan wancan gefe irin na wannan gefe ne, mutane Mambila da Fulani da Hausawa, Fillanci ake yi ko'ina. Dalili kuwa, a zamanin Jamus duk ƙasa ɗaya ce. Bayan an ci Jamus a 1916 sai Ingila da Faransa suka raba ta, Mambila ta faɗa hannun Ingila, Banyo hannun Faransa. A watan Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni aka haɗe, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna.

Amma fa sandar gora ba abin rainawa ba ce. Kamaru tana neman katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, ban da takardun tafiya. Nawa na hannu, na yarinya kuwa na neme shi na rasa. Ma'aikacin ya yi haƙuri da mu, ni kuwa na zazzage kaya a gaban jama'a, gumi na zuba duk da sanyi, har na same shi a ƙarƙashin ƙullin daddawar tsaraba. Laifina ne. Ku ɗinka wa takardunku 'yar jaka, ku rataya a wuya. Ku kuma canza kuɗi zuwa sefa tun kafin ku yi nisa, domin naira tana rage daraja da kowane tudu da kuka wuce.

Daga nan gangara ce, sanyi yana sakinmu kaɗan-kaɗan, har muka hango Banyo a gindin dutsen Jumbal, inda sojan Jamus suka ja daga a 1915 kafin sojan Ingila su ci su. Gari ne na Lamiɗo, da unguwar Hausawa tsohuwa.

Goggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na yi sallama, ta yi shiru, ta ce, "Sake faɗi." Na sake. Sai ta kira ni da sunan da babu mai kirana da shi tun rasuwar mahaifina. Ta shafa fuskata da hannu, ta shafa ta yarinya, ta ce, "Wannan goshin na Yaya ne." Na ce, "Goggo, ki gafarce mu, mun daɗe." Ta ce, "Ke dai kin zo. Maza suna zuwa, su gaishe ni daga zaure, su ajiye goro, su tashi. Wa zan tambaya ko an yi wa jikokina kitso?"

Kwana 6 muka yi. Na yi mata wanki, na dama mata kunu, ta ba ni labarin dangi waɗanda ban taɓa jin sunansu ba, autata tana rubutawa a bayan littafin lissafinta. Ran da za mu taso ta kwance bakin zanenta ta ba yarinya wani zoben azurfa na kakarmu, ta ce kada a sayar.

Mai tambaya a kan yaye, wasiƙarki ta iso, zan amsa miki mako mai zuwa in Allah ya kai mu.