Wutar Lantarki Daga Bola: Darasi Daga Birnin Addis Ababa

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, abubuwa biyu ne suka addabi biranenmu, kuma babu mai musun ko ɗaya: ƙarancin wutar lantarki da yawan shara. Don haka duk sa'ad da aka ce ana iya mayar da bola ta zama wuta, sai zukata su karkata, domin ga alama magani ɗaya zai warkar da cuta biyu. Maganar kuwa gaskiya ce. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma ra'ayinmu shi ne duk gwamnatin da ta tsallake su, to bashi za ta jawo wa talakawa, wutar kuma ba za ta zo ba.

Hanyoyi uku ne suka shahara a wannan aiki. Ta farko ita ce ƙona shara a cikin babban tanderu, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke samar da wuta. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hayaƙin ya kai zafin digiri 850 na tsawon daƙiƙa 2 aƙalla, sannan a tace shi kafin a sake shi, saboda gubar da leda da roba ke fitarwa. Ta biyu ita ce tara abin da ke ruɓewa, kamar ragowar abinci da kashin dabbobi, a rufaffen rumbu, sai ya fitar da iskar gas da ake kunna janareta da ita, dusar kuma ta zama taki. Ta uku ita ce binne bututu a cikin tsohon juji a zuƙo irin wannan iska, kamar yadda birnin Durban na Afirka ta Kudu ya yi a jujin Mariannhill da na Bisasar Road. A nan ya kamata a lura cewa abin da ya fito daga tsiro da dabba shi ne makamashi mai sabuntuwa. Ita leda asalinta man fetur ne.

To, bari mu dubi abin da ya faru a Habasha. Birnin Addis Ababa ya shafe kimanin shekara 50 yana zuba shararsa a wani juji da ake kira Koshe, har ya zama tsauni, talakawa suka gina gidaje a gindinsa. A watan Maris na 2017 tsaunin ya zaftare, ya hallaka mutum fiye da 110, akasarinsu mata da yara. A watan Agusta na 2018 aka buɗe tashar Reppie a gefen wannan juji, wadda aka gina don ta ƙona tan 1,400 na shara a kullum, ta ba da megawat 25 na wuta. Duniya ta yaba, aka ce ita ce irinta ta farko a Afirka.

Amma ba a daɗe da bikin buɗewa ba aikin ya tsaya na wani lokaci, da aka ci gaba kuma sai tashar ta riƙa aiki ƙasa da ƙarfin da aka gina ta a kai. Daga cikin dalilan akwai yanayin sharar kanta: mafi yawanta ɓawon kayan lambu ne da ragowar abinci mai danshi, gauraye da ƙasa da toka, kuma kowa ya san ɗanyen itace ba ya cin wuta.

Wani zai ce, to ai ƙasar Suwidin ta yi nasara, har sharar gidajen da take binnewa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, har ma tana karɓo shara daga Norway da Birtaniya don tanderunta. Haka ne. Amma Suwidin ta hana binne sharar da ke cin wuta tun 2002, ta hana binne mai ruɓewa a 2005, mutanenta kuma tun daga gida suke ware kwalba da takarda da ragowar abinci. Bugu da ƙari, tana sayar da zafin tanderun don ɗumama gidaje a lokacin sanyi, kasuwar da mu ba mu da ita.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Domin gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun ba jihohin Nijeriya ikon samar da wuta da rarraba ta. Ƙofa ta buɗe, kuma 'yan kwangila za su zo da zanen manyan tashoshi masu ɗaukar ido. Alhali sharar Kano ko Kaduna ko Sakkwato ta fi kusa da ta Addis Ababa, ga yashin da tsintsiya ke kwasowa daga tsakar gida, mai yawa daga cikinta kuma a lambatu take ƙarewa, ko a cinna mata wuta a bakin titi. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tashar da ke son tan dubu a kullum ba ta rayuwa sai da motocin kwashe shara masu lafiya da ma'aikatan da ake biyan haƙƙinsu a kan lokaci.

Saboda haka muke ba da shawara kamar haka. Na farko, hukumomi irin su REMASAB ta Kano su auna sharar garinsu rani da damina, a san nauyinta da danshinta kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya. Na biyu, a fara da ƙananan rumbunan gas a kwata da kasuwannin kayan gwari kamar 'Yankaba, inda sharar iri ɗaya ce kuma a wuri ɗaya take taruwa. Wutar ta haskaka kasuwar, ta kunna firjin masu nama. Na uku, kada a zalunci 'yan jari bola da manoman kewayen Kano da suka daɗe suna ɗibar takin gari zuwa gonakinsu; a sa su cikin tsarin, domin ba a gusar da cuta da wata cutar. Na huɗu, a bayyana wa jama'a kuɗin kwangila da wanda zai duba hayaƙin, tunda dukiyar amana ce, huhun kuma na 'ya'yanmu ne.

Mu ma talakawa da namu nauyin. Ware leda daga ragowar abinci a gida ba ya buƙatar kasafin kuɗi, kuma tsafta da gujewa almubazzaranci abubuwa ne da addininmu ya riga ya hore mu da su. Jinkiri kuwa yana da farashi: a watan Agusta na 2024 jujin Kiteezi a Kampala ya rufta, ya kashe mutum fiye da 30. Muna kira ga malamai da masu unguwanni su tambayi hukumomin jihohinsu tan nawa ake kwashewa a kullum, kuma ina ake kai shi.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya sa mu dace.