Uba Da Ɗa A Faifai Guda

Cikin watan Nuwamba na 1970 wani saurayi mawaƙi na Ingila, wanda aka sani da laƙabin Cat Stevens, ya fitar da faifai mai waƙoƙi 11, sunansa Tea for the Tillerman. Shekarunsa 22 a lokacin. Jama'a da yawa sun san mutumin nan da sunan Yusuf Islam, watau sunan da ya ɗauka bayan da ya musulunta cikin 1977, amma kaɗan ne suka san faifan. Mu dai a ganinmu ya kamata malamai da akawuna su ba shi kunne, domin a cikinsa yaro ya yi abin da ya gagari manya da yawa.

Ga asalin maganar. An haife shi a Landan cikin 1948, ubansa mutumin tsibirin Kubrus ne, uwarsa mutuniyar Suwidin, suna da gidan sayar da abinci. Ya yi suna tun yana ɗan shekara 18, faifansa na farko ya fito cikin 1967, cike da ƙarar kayan busa da goge, irin yadda kamfani ya so. Ba a daɗe ba tarin fuka ya kama shi, har ya kai bakin kabari. Ya yi watanni a asibiti, ya yi wajen shekara yana jinya. Da Allah ya tashi kafaɗunsa sai ya sake hanya. Ya koma kamfanin Island, ya haɗu da Paul Samwell-Smith mai shirya faifai, suka rage kayan kiɗa, suka bar molon Turawa, watau jita, da fiyano, da murya. Irin kiɗan nan mai taushi an yi shi ne don a zauna a ji magana.

To, wace magana? Waƙar farko tana tambaya ne a kan wurin wasan yara, tun da gine-gine da manyan hanyoyi sun cinye fili. Waɗansu kuma na neman gaskiya ne da manufar zaman duniya. Amma wadda ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce Father and Son, watau Uba da Ɗa. Asalinta ya tsara ta ne don wani wasan kwaikwayo a kan juyin mulkin Rasha, inda ɗan manomi ya ke so ya bar gona ya bi masu juyi. Wasan bai yiwu ba, waƙar ta tsira. A cikinta shi kaɗai ya ɗauki murya biyu. Ya yi ta uba da ƙasa-ƙasa, yana ba da shawarar haƙuri da natsuwa. Ya yi ta ɗa da ƙarfi, yana kukan ba a saurare shi ba, ya ƙudura tafiya. Har waƙar ta ƙare bai ba kowa gaskiya ba, bai kuwa mai da uban abin dariya ba, alhali kuwa a zamanin nan samarin Turai ba abin da suka fi so irin zargin iyaye.

Mun san akwai masu cewa irin waƙar nan tana zuga yara su bijire wa na gaba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, gama abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Amma fa a duba da kyau. Uban da ke cikin waƙar maganarsa daidai ce, kuma don ƙauna ya ke yinta. Inda ya gaza guda ne, bai tsaya ya ji amsa ba, saboda haka gaskiyarsa ba ta hana ɗansa fita ba. Malamin da ke gaban aji, da babban akawun da ke da yara a ƙarƙashinsa, kowa ya tambayi kansa sau nawa ya yi haka. Yaron da aka hana shi magana a zaure, a waje zai je ya yi ta, ga wanda ba ya nufinsa da alheri.

Waɗansu kuma za su ce ai shi kansa mai waƙar ya bar ta. Haka ne, ya ajiye jita shekara da shekaru, ya juya ga aikin ilmi, har ya kafa makarantar Islamia a Landan cikin 1983. Amma cikin 2006 ya sake fitar da faifai irin na da. Cikin 2020 kuma, da faifan ya cika shekara 50, ya sake rera shi duka. Da ya zo kan Uba da Ɗa sai ya yi baitocin uban da muryarsa ta tsufa, ya bar na ɗan da muryarsa ta 1970 wadda aka ɗauka tun yana saurayi. Kun ga ɗan jiya ya zama uban yau.

Saboda haka muna roƙon malamai, in yaro ya ɗaga hannu da maganar da ba ta yi muku daɗi ba, ku bari ya kai aya tukuna, sa'an nan ku gyara masa. Ku kuma samari, ku tuna kujerar nan ta uba tana jiranku. Allah ya ba mu kunnen jin juna, amin.