Wasiƙar Akawun Kurawa: Zuwa da Kai ko Aike?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili kamar yadda ka saba, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai bayanin wata dabara wadda ta raba ni da tafiya mai hatsari.

Mutanen da sun ce zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne, amma mu na ƙasar Gobir mun san abin da hanya ta zama. Ba mu manta da matafiyan da 'yan bindiga suka ƙone cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a watan Disamba 1921 na miladiyya ba, in ji wani dattijo da ya rikita lissafi. Shekarar kuwa 2021 ce, kuma ina cikin masu bin wannan hanya kowane ƙarshen wata, domin manhajar da mu ke lissafin albashi da ita tana cikin wata babbar kwamfuta a Sakkwato.

To, yanzu ina zaune a Kurawa na ke aikin. Dabarar ita ce, manhajar tana aiki can, hotonta kaɗai a ke aiko mini ta intanet, ni kuma abin da na danna a kai mata. Kamfanin Microsoft ya ba hanyar suna Remote Desktop. Tun fitowar Windows Server 2008 ya ƙara da RemoteApp, watau tagar manhajar kaɗai za ta bayyana gabanka, sai ka ce cikin kwamfutarka ta ke.

Amma fa kwamfutoci biyu kamar akawuna biyu ne, in ba su daidaita ba sai aiki ya ɓaci. Watan farko na rubuta sunayen ma'aikata, duk mai ƙugiya a sunansa ya fito a gurguje, har albashin wani masinja mai iyali ya makara mako biyu, don sunansa ya saɓa da na takardunsa. Na ji kunya ƙwarai, na kuwa bi sawun abin har na gane cuta uku ce, kowace da alamarta.

Ta fari, in ka buga ƙura ta fito kura, ko wani baƙi dabam ya fito, laifin allon bugu ne. Kwamfutarka wurin maɓallin da ka danna ta ke aikawa, ta can ita ke fassarawa. Sai a sa tsarin bugun Hausa a duka biyun, yana nan cikin Windows.

Ta biyu, in ɗan akwati ya fito maimakon baƙin, sunan yana nan lafiya, salon rubutun ne ba shi da ƙugiya. A sake wani.

Ta uku ita ce mugunya. In alamar tambaya ta fito, manhajar tsohuwa ce, ba ta san Unicode ba, watau babban tsarin da ya ba kowane baƙi na duniya lambarsa. Nan baƙin ya ɓace ke nan, ba magani sai masu ita su sabunta ta. Kafin nan, a rubuta sunan daidai da yadda ya ke a takardar banki.

Akwai kuma ranar da ƙofa za ta ƙi buɗuwa sam. A watan Mayu 2018 Microsoft ya ƙarfafa tsaron wannan hanya, sai kwamfutocin da a ka sabunta su ka ƙi shiga waɗanda ba a sabunta ba. Waɗansu su kan kashe tsaron don sauri. Kada ku yi haka, ya 'yan'uwa. Wanda ya cire ƙyaure don makulli ya cije, ɓarawo ya yi wa aiki. A sabunta duka biyun.

In layi ya yi rauni, a rage launi, a kashe hoton bango. In ya yanke, kada a firgita, yawanci aikin yana nan can yana jira, sai a sake shiga.

Daga ƙarshe, kada akawu ya yar da littafinsa. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, sai da mutane su ka riƙa neman layin Nijar. Irin wannan rana, wanda ya kwafe lissafinsa a takarda shi ne mai abin nunawa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ofisoshi su duba wannan al'amari, kada su tilasta wa akawu hawa mota a kan aikin da waya za ta iya kaiwa. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Kurawa