An Ƙirga Itatuwanmu Daga Sama, Amma Ina Ɗorawa?

Batunmu na wannan mako na taswira ne, watau zanen da ke nuna yadda ƙasa take. Wata za ta ce ina ruwan matar aure da taswira? To, da ruwanta ƙwarai, domin da ita hukuma ke yanke shawarar inda za a dasa itace, da inda za a keɓe, da inda za a yanka filaye. Itacen kuwa shi ne wutar murhunmu, shi ne kuma miyarmu.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Gezawa ko Minjibir ko Dambatta ta san babu daji a wannan yanki. Gona ce ke bin gona, ana nomawa kowace damina ba hutu, taki da jakai da tokar birni ke riƙe da ita. An daɗe ana cewa mutanen karkara sun cinye itatuwa, hamada na tafe, kuma a kan mu mata masu girki da itace ake ɗora laifin. Wani malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun wajen 1965. Shi da abokan aikinsa suka gwada hotunan da jirgin sama ya ɗauka a shekaru dabam-dabam, suka kuma shiga gonaki suna ƙirge. A littafin da suka fitar a 1990 kan itacen girki a Kano, sun nuna manoman kewayen birni ba su ƙarar da itatuwansu ba. Tattalinsu suke yi, su sassabe reshe su bar uwa.

A 2018 Muhammad Usman da Janet Nichol suka sake wannan lissafi da hotunan tauraron ɗan'adam, tsofaffi da sababbi. Suka tarar yawan itatuwa a gonakin kewayen Kano aƙalla ya ninka cikin shekaru wajen hamsin, alhali kuwa jama'a ƙaruwa suka yi. Haka aka gani a ƙasar Maradi da Damagaram, inda manoma suka riƙa barin tohon kututture ya girma. Sai da aka jera hoton sama na 1975 da na bayan 2000 sannan duniya ta yarda an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5.

Labari mai daɗi ke nan. Amma fa a tsaya. Tauraro yana ganin kan itace ne kawai, dunƙulen duhu a bisa farar ƙasa. Ba ya rarrabe darbejiya da ɗorawa sai an je gindinta. Da masu binciken suka sauka ƙasa suka tambayi manoma, sai ga shi darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, ita ce ke ta yaɗuwa, itatuwanmu na gado kuwa suna ja da baya, ga tsofaffi a tsaye amma ƙanana masu gadonsu sun yi ƙaranci. Ni ban raina darbejiya ba, tana ba da inuwa da itace, ga saurin girma. Sai dai ba a daddawa da 'ya'yanta, ba a kaɗa miya da ganyenta. Idan ɗorawa ta tafi, kalwa ta tafi, sana'ar tsohuwa mai daddawa ta tafi. Haka kanya da ɗinya da tsamiya da kuka. Shi kuwa gawo, da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya ciyar da awaki, wane ne zai maye gurbinsa?

Abin da ya sa maganar ta zama ta yau shi ne kuɗi sun shigo. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano na ciki. Ga kuma hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa a 2015. Irin waɗannan shirye-shirye da taswira suke zaɓen wurin aiki. In taswirar yawan itace kaɗai ta nuna, ma'aikaci zai duba ya ce Gezawa lafiya lau, a wuce gaba. Ko kuwa ya kawo dubban irin itace guda a dasa a jere, a rubuta an ci nasara.

A ganina, wajibi ne kowace taswira ta zo da jerin irin itatuwan da ke wurin, da shekarunsu, da masu amfani da su. A sa burtali da fadama da kududdufi a ciki, domin su ne ragowar wuraren da tsuntsaye da tsirran magani ke fakewa, su ne kuma farkon abin da ake cinyewa in an zo faɗaɗa gona ko yanka fuloti. Kada kuma a ce za a kare ƙasa ta hanyar killace ta. A inda kowane taku yake da mai shi, killacewa ƙwace ce, rigima kuma za ta biyo baya. Kariyar da za ta yi aiki a nan ita ce ta cikin gona, a taimaki manomi ya raini 'yar ɗorawa har ta fi ƙarfin akuya.

Wa ya san inda waɗannan itatuwa suke? Mata ne, da yaran da ake aike tsintar kanya. Amma in ma'aikata suka zo ƙauye, a ƙofar gidan dagaci suke zama da maza, matan na cikin gida ba a ji ta bakinsu ba. Ya kamata a turo ma'aikata mata su shiga gidaje. Ku kuma uwayen gida, ku gaya wa maigida abin da kuke so ya faɗa in an kira taro, ku ambaci itatuwan da sunayensu.

Ku 'yan makaranta, ga aikin hutu. Ku zauna da kakanninku ku rubuta itatuwan da ke gonar gidanku a zamanin ƙuruciyarsu, sannan ku je ku ƙirga na yanzu, kowanne da irinsa, babba ne ko ƙarami. Wayar hannu ma tana iya nuna daidai inda itace yake tsaye. Ku kai wa malamin labarin ƙasa, ku kuma aiko wa wannan fili, za mu buga na garin da ya fara isowa.