Finafinan fargaba: na da sun iya sa ki jira, na yanzu sun iya razana ki

Makon jiya aikin dare na yi, kuma duk wadda ta san aikin dare ta san cewa in kin dawo gida da safe barci ba ya zuwa nan take. Na sallami yara makaranta, na kishingiɗa da waya, na kunna wani tsohon fim da ya girmi mahaifiyata, da niyyar ya sa ni barci. Har ya ƙare idona biyu.

Sunansa Rear Window, na 1954, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni. Wani mai ɗaukar hoto ne ya karye a ƙafa, aka sa masa filasta, yana zaune a keken guragu ba shi da aiki sai leƙen maƙwabta ta taga. A hankali ya fara zargin wani maƙwabcinsa ya kashe matarsa. Kusan duk fim ɗin daga cikin ɗakin nan ake kallonsa. Akwai ma wata nas mai zuwa duba shi, bakinta ba ya shiru, tana yi masa faɗa a kan leƙen asirin mutane, daga baya ita ma ta karɓi madubin hangen nesa. Na yi dariya, don na ga kaina.

Inda gabana ya faɗi shi ne lokacin da budurwarsa ta haura ɗakin mutumin don neman shaida. Muna ganinta a ciki, muna kuma ganin mai ɗakin ya dawo yana nufo ƙofa, ita ba ta sani ba. Saurayin yana kallo, ba ƙafar tashi. Ba jini, ba wuƙa, amma sai da na tashi zaune.

Hitchcock ya taɓa bayyana dabarar da misalin bam. In mutum biyu suna hira a tebur sai kawai bam ya tashi, mai kallo zai razana na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko a ƙarƙashin tebur, an nuna masa agogo, to hirar banzan da suke yi ma sai ta zama abin tashin hankali. Mu iyaye mata ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Ki tuna ranar da kika hango mai rarrafe ya nufi tukunyar ruwan zafi, ke kina can ƙarshen tsakar gida. Takun nan biyar da ke tsakaninku, shi ne abin da finafinan nan suke sayar mana.

Tsofaffin sun ƙware a wannan, wani lokacin ma rashi ne ya taimake su. A Jaws na 1975, kifin roba da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole Steven Spielberg ya rage nuna shi, ya bar mu da kiɗa da motsin ruwa. Abin da ido bai gani ba zuciya ce ke zana shi, kuma ta fi kowa iya zane.

Amma kada in yi musu kwalliya da yawa. Farkonsu akwai jan ƙafa, sai ki yi minti ashirin ana gabatar da mutane. Mace a yawancinsu aikinta ihu da jiran namiji ya cece ta. Wanda ya fi damuna kuwa shi ne irin Psycho na 1960, da ya ɗaure taɓin hankali da kisa a igiya ɗaya, har aka kawo likita a ƙarshe yana dogon jawabi. Finafinai da yawa sun bi wannan sawun. Ni da nake ganin masu wannan lalura a wurin aiki, na san yawancinsu ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa, kuma tsoron da mutane ke ji ne ke sa dangi su ɓoye mara lafiya a ɗaki maimakon su kawo shi asibiti.

Na yanzu fa? Masu kyansu sun ɗauki darasin nan, suka kawo shi cikin gida. Da yawanku kun ga Drishyam na Indiya, ko dai na asali na 2013 ko na Ajay Devgn na 2015. Tun da wuri mun san abin da ya faru: yarinya ta buge saurayin da ya ɗauki bidiyonta a ɓoye yana yi mata barazana, ya mutu, uwarsa kuma babbar 'yar sanda ce. Ba a ɓoye mana wadda ta yi kisan ba, sauran fim ɗin jira ne mu ga ko ƙaramar 'yar za ta iya riƙe bakinta a gaban 'yan sanda. Sai dai in kin natsu bayan ya ƙare, za ki ga awa biyu da wani abu kika yi kina fatan a yi nasarar ɓoye gawa, ga kuma wata uwa can tana neman ɗanta. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da wasan.

Raunin na yanzu shi ne rashin haƙuri. A yi shiru, sai ƙara ta fashe miki a kunne, ashe kyanwa ce. Wannan razana ce, ko ɗanki ya iya ta in ya laɓe bayan ƙofa. Ga yawan juya labari a ƙarshe don kawai a ce an ba ki mamaki, ko da hankali bai ɗauka ba. Ga jini kamar mahauta. Su kuma masu dogon zango, labarin awa biyu sai a miƙe shi kashi goma, kowane kashi a yanke shi a bakin ƙofa don ki danna na gaba, data ta ƙare, asuba ta yi.

Bari in ɗan yi ƙorafin sana'a, wannan kuma tsoho da sabo duk sun yi tarayya. Ƙyallen da ake toshe wa mutum hanci da shi ya zube nan take, ba haka maganin yake aiki ba. Layin bugun zuciya ya miƙe a allo, sai a ɗauko na'urar lantarki a girgiza mutum ya farka, alhali in layi ya miƙe danna ƙirji ake yi da allura, girgizar ba ta da amfani a nan. Maigidana ya daina kallon irin wuraren nan da ni.

Mu ma da laifinmu. Fim ɗin da aka gina a kan jira, muna kallonsa da babban yatsa a kan allo, da an yi shiru sai mu tsallake daƙiƙa goma, ga saƙon WhatsApp na shigowa, ga miya a wuta. Sai mu ce fim ɗin ba daɗi, bayan mu muka zubar da abin da ke cikinsa.

Waya kuma ta kawo wata matsalar da ta fi wannan. A bara ina kallon A Quiet Place na 2018, inda iyali ke rayuwa ba magana don wasu halittu na farautar duk abin da ya yi ƙara. Uwar na da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta, ta taka ƙusa a matakala, kuma ba halin ihu. Na karɓi haihuwa da hannuna, don haka na san abin da ake nema a wurin matar nan. Na nutse sosai, ban lura ɗana mai shekara bakwai yana leƙe ta bayan kafaɗata ba. Ba wani jini ya gani ba, shirun ne ya kama shi. Kwana uku yana tafiya da sanɗa a tsakar gida, da dare kuma sai a gadona.

Abin da ya faru a fili yake: ni na san fim zai ƙare a kunna fitila, shi ƙwaƙwalwarsa ba ta gama raba wasa da gaske ba. Da na gane, na zaunar da shi da rana na nuna masa hotunan 'yan wasan suna dariya a wurin ɗauka, na gaya masa matar da mijin a fim ɗin, Emily Blunt da John Krasinski, ma'aurata ne a zahiri, suna gidansu lafiya da 'ya'yansu. Ya tambaye ni ƙusar fa, ta gaske ce? Na ce a'a. A daren ya koma shimfiɗarsa, amma da sharaɗin a bar masa ƙofa a buɗe.

Yanzu sai sun yi barci nake kunna irin waɗannan, in juya allon ya fuskanci bango, abin sauraro a kunne ɗaya kawai don in ji motsin autar. Wadda ta san wani mai kyau da ba ya dogara da ihu da jini, ta rubuta mini sunansa a ƙasa, don ina da wani aikin daren a ƙarshen wata.